Magajiyar Aang: Yadda Korra Ta Tashi a Inuwar Wanda Ya Gabace Ta

Akwai wata gardama a gidanmu da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, tsakanina da ƙanwata. Ni Avatar: The Last Airbender, katun ɗin da Aang ne jaruminsa, na fara kallo, tun ina sakandare, a irin faifan nan da ake cusa wa zango guda cur, hoton duk ya dusashe, ga wuta ana ɗaukewa ana tsakiyar faɗa. Ita kuwa The Legend of Korra ta fara samu, a waya, shekaru da yawa bayan haka, kuma sai da ta cinye shi tas sannan ta waiwayi na farkon. Da ta kalli kashi biyar ko shida sai ta zo ta same ni ta ce, "Yaya, wannan Aang ɗin naka ai yaro ne, duniya na ci da wuta shi yana hawan dabbobi." Ni kuma na daɗe da yanke wa Korra hukunci: yarinya ce mai taurin kai da rawar kai, wadda aka miƙa wa komai tun ba ta san ciwon kanta ba.

Ba mu kaɗai ke wannan musu ba. Masu kallo sun fara shi tun 2012, ya lafa, ya sake tashi a 2020 lokacin da Netflix ta saka fina-finan biyu a Amurka, na Aang a watan Mayu, na Korra a Agusta, ana zaman gida saboda korona. Abin da ya sa lamarin ya cancanci a zauna a duba shi da kyau shi ne, mutum biyu ne suka ƙirƙiri dukansu, Michael Dante DiMartino da Bryan Konietzko. Tasha ɗaya ce ta ɗauki nauyi, wato Nickelodeon. Duniyar labarin ɗaya ce, mai kiɗan ma ɗaya ne, Jeremy Zuckerman. Ke nan in an ga bambanci, ana iya bin sawunsa a gano daga inda ya ɓullo.

Abin da aka gada

Ga wanda bai taɓa kallo ba: duniya ce ta ƙirƙira mai al'umma huɗu, Ƙabilun Ruwa, Masarautar Ƙasa, Daular Wuta da Makiyayan Iska. A kowace al'umma akan haifi wasu da baiwar sarrafa abin da aka san su da shi. Mutum ɗaya tak a kowane zamani ke iya sarrafa duka huɗun, shi ne Avatar, kuma in ya mutu sai a sake haifarsa a al'umma ta gaba. Wannan tunani daga addinan Hindu da Buddha aka aro shi, kalmar kanta ma daga harshen Sanskirit na Indiya take. Ba aƙidarmu ba ce, kuma ni a matsayin tatsuniya nake kallonsa, kamar yadda ba wanda ke tambayar yadda Gizo ya iya magana. Salon faɗan kuwa daga dabarun Sinawa na gaske aka ɗauko shi: Tai Chi ga ruwa, Hung Gar ga ƙasa, Shaolin ta Arewa ga wuta, Bagua ga iska.

An fara nuna katun ɗin a Fabrairun 2005, aka kammala a Yulin 2008. Kashi 61 ne cikin zango uku: Ruwa, Ƙasa, Wuta. Aang ɗan shekara 12 ne daga Makiyayan Iska, wanda ya gudu daga nauyin zama Avatar da aka ɗora masa, ya daskare cikin ƙanƙara shekara 100, ya farka ya tarar Daular Wuta ta shafe jama'arsa kaf, shi kaɗai ya saura.

Abin lura a nan shi ne ginin labarin. Tun kafin a kai tsakiyar zango na farko an gaya wa Aang, an kuma gaya mana, inda za a dosa: tauraruwa mai wutsiya za ta dawo kafin bazara ta ƙare, za ta ninka ƙarfin masu sarrafa wuta, dole ya koyi ruwa da ƙasa da wuta ya kayar da Sarkin Wuta Ozai kafin ranar. Shi ke nan. Hanya ɗaya, bos ɗaya, wa'adi ɗaya. To wanda ya san inda za shi ba ya tsoron ratse. Shi ya sa marubutan suka samu sararin tsayawa a ƙauyuka, su bar yaran su yi faɗa kan abinci, su ɓata kashi guda kan neman Appa, dabbar da Aang ke hawa, da aka sace, su ba mu kashi guda na zaman Ba Sing Se, babban birnin Masarautar Ƙasa, da ba a ci gaba da yaƙin ko taku ɗaya ba. A irin waɗannan wuraren ne muka saba da abokan tafiyar Aang, Katara da Sokka da Toph, har suka zama kamar 'yan unguwarmu.

Sannan ga Zuko, ɗan Sarkin Wuta Ozai. Uba ya ƙone wa ɗansa fuska yana ɗan shekara 13 don ya yi magana a inda ba a ba shi izini ba, ya kore shi, ya ce kar ya dawo sai da Avatar a hannu. An ɗauki kashi sama da 50 ana juya wannan yaro. Ya kusa shiryuwa a ƙarshen zango na biyu, sai ya ci amanar kawunsa Iroh ya bi ƙanwarsa Azula. Ya koma gida ya samu duk abin da yake nema, ya ga ba daɗi. Sai a tsakiyar zango na uku ya tsaya gaban ubansa ya faɗa masa gaskiya. Ranar da ya durƙusa a tantin Iroh yana neman gafara, tsohon ya rungumo shi tun bai gama magana ba, ban san wanda ya kalli wurin idonsa bai kawo ruwa ba. Irin wannan ba ya samuwa sai da lokaci. Babban marubucin fim ɗin, Aaron Ehasz, yana da hannu sosai a wannan gini, kuma ba ya cikin waɗanda suka yi Korra.

Mutum kusan miliyan 5.6 suka kalli ƙarshen a Amurka, fim ɗin kuma ya ci kyautar Peabody. Da 2010 ta zo aka yi fim ɗin sinima na mutane a kansa, wanda M. Night Shyamalan ya ba da umarni, ya sha suka ta ko'ina. Wannan ya ƙara wa na asalin daraja a idon masoyansa, ya kuma ƙara musu tsoron duk wani abu da za a taɓa musu.

Yadda aka sayi Korra

A nan ne yawancin masu gardama ba sa tsayawa. Ba a yi odar Korra a matsayin dogon labari ba. Gajeren shiri aka nema mai kashi 12, a yi a gama. DiMartino da Konietzko su biyu suka rubuta shi da kansu, suka ɗaure bakin kowane zare domin a ganinsu ba za a dawo ba. Ana cikin aiki tashar ta ƙara 14. Bayan zango na farko ya karɓu a 2012, sai ta ƙara 26. Jimilla kashi 52 cikin zango huɗu: Iska, Ruhohi, Sauyi, Daidaito. Duk wanda ke bin fina-finanmu masu dogon zango ya san bambancin labarin da aka tsara daga farko har ƙarshe da wanda ake ƙara wa ɗaki duk sanda kuɗi suka shigo.

Konietzko ya taɓa faɗa cewa wasu manyan tashar sun yi ɗari-ɗari da a ce jarumar mace ce, don a tunaninsu yara maza ba za su kalla ba. Da aka gwada wa yaran, ba su ma damu da hakan ba.

An ɗaga labarin shekara 70 gaba. Aang ya rasu, Sokka ma haka. Katara ta tsufa. An kafa Republic City, birni mai motoci da rediyo da jiragen balan-balan da 'yan daba, wanda aka zana da kamannin Shanghai da New York na shekarun 1920. Korra, Avatar da ta gaji Aang, 'yar shekara 17 ce daga Ƙabilar Ruwa ta Kudu, kuma da gangan aka yi ta kishiyar Aang ta kowace fuska. Shi ya gudu daga zama Avatar, ita kuwa farkon ganinmu da ita tana 'yar shekara huɗu ta fasa bango ta fito tana wasa da ruwa da ƙasa da wuta, tana shelar ko ita wace ce. Shi mai kauce wa faɗa, ita mai neman sa. Shi ya zaga duniya tun yana ƙarami, ita an killace ta a wani sansani cikin ƙanƙara ba ta san ko yadda ake sayen abinci da kuɗi ba. Iska, wadda ita ce numfashin Aang, ita ce ta gagare ta.

Na yarda yanzu cewa rabin ƙiyayyar da na yi mata a nan ta samo asali. Na zo neman Aang na tarar da wata. Ƙanwata da ba ta zo neman kowa ba, sai ta ga yarinya mai ƙarfin hali da ake ta kayarwa tana tashi.

Amon, da tambayar da aka ajiye

Zango na farko ya kawo tambayar da na Aang bai taɓa yi ba: ina makomar wanda aka haifa ba baiwa? Muna ganin 'yan daba masu sarrafa wuta da ruwa suna karɓar kuɗi a hannun masu shaguna. Majalisar birnin ba zaɓenta aka yi ba. Da rikici ya tsananta, ɗan majalisa Tarrlok ya sa wa marasa baiwa dokar hana fita, aka yanke wa unguwarsu lantarki, suka fito suna tambayar dalili, aka kwashe su a matsayin 'yan tawaye. Wata mata a cikin taron ta roƙi Korra ta tuna cewa ita Avatar ɗinsu ce su ma. A irin wannan yanayi Amon ya fito da fuskarsa a rufe, yana cewa zai raba kowa da baiwarsa a zauna daidai. Ga Korra da ba ta san kanta da komai ba sai wannan baiwa, babu abin tsoro da ya kai shi.

Sai aka zo kashi na 12. Aka gano Amon kansa mai sarrafa ruwa ne, har ma jinin mutane yake juyawa, tabon ƙunar fuskarsa kuma fenti ne da ruwan teku ya wanke a gaban jama'a. Magoya baya suka watse. To amma ƙaryar jagora ai ba ta mayar da kukan mabiya ƙarya ba. Masu shagunan nan suna nan, 'yan daban suna nan. A zango na biyu an ce an rushe majalisa an zaɓi shugaban ƙasa, Raiko, wanda ba shi da baiwa, daga nan aka rufe babin. Ita Korra kuwa, Amon ya ƙwace mata ruwa da ƙasa da wuta, abin da ya isa a gina zango guda a kansa, amma cikin 'yan mintunan ƙarshe ruhin Aang ya bayyana ya mayar mata da komai. Dalilin a fili yake: an ɗauka ƙarshen ke nan, ba a so a bar ta a haka.

Sai dai kafin mu masoya Aang mu cika baki, mu tuna yadda nasa ya ƙare. An kai shi bango: ko ya kashe Ozai ya saɓa tarbiyyar jama'arsa, ko ya bar duniya ta ƙone. Ya tambayi Avatar huɗu da suka gabace shi, ba wanda ya ba shi mafitar da yake so. Kwatsam sai ga wani ƙaton kunkuru mai kan zaki, wanda ba a taɓa ba shi muhimmanci ba, ya koya masa yadda ake cire wa mutum baiwa. Laifi iri ɗaya ne sak. An yafe wa Aang saboda mun yi kashi kusan 60 muna cin gishirinsa. Korra ta aikata shi a kashi na 12, tun ba mu gama sanin sunan abokanta ba.

Abokan ma su ne wurin da na fi ganin gibi. Mako da Bolin 'yan'uwa ne marayu da suka tashi a titi, Asami 'yar mai kamfanin motoci ce. (Sunan Mako an sa shi ne don tunawa da Mako Iwamatsu, wanda ya yi muryar Iroh ya rasu a 2006.) Kayan labari ne masu kyau, amma ɗan lokacin da ake da shi sai aka zuba shi a kan wa ke son wa: Bolin na son Korra, Korra na son Mako, Mako na tare da Asami yana waiwayen Korra. Mu da muka ƙoshi da irin wannan a fina-finan gida ba sai an ƙara mana a katun ba. Wannan kam ba laifin tasha ba ne, zaɓin marubuta ne.

Zango na biyu

Kusan kowa ya yarda shi ne mafi rauni. An ɗaga shi daga safiyar Asabar zuwa daren Juma'a. Zanen ma ya rabu biyu: kamfanin Studio Mir na Koriya ta Kudu da ya yi zango na farko bai karɓi aikin gaba ɗaya ba da fari, aka ba Studio Pierrot na Japan wani ɓangare, kuma ido na ganin bambanci a fuskoki da motsi. Labarin ya fara da kyau, kawun Korra Unalaq ya zo daga Arewa yana cewa 'yan Kudu sun yi watsi da al'ada da ruhohi, ya shigo da soja da sunan gyara. Rikicin gida ne, na wa da ƙani, na addini da mulki. Amma ƙarshensa sai ya koma dambe tsakanin ƙattai biyu masu tsayin bene a bakin teku.

A tsakiyarsa akwai kashi biyu masu ban sha'awa da suka ba da tarihin Wan, Avatar na farko, shekara 10,000 baya, da wani salon zane mai kama da tsoffin zane-zanen Sin da Japan. Ina son su, amma suna da tsada. A fim ɗin Aang ruhohi ba nagari ba ne ba kuma miyagu ba. Hei Bai ya haukace ne don an ƙone masa daji. Wan Shi Tong mai ɗakin karatu ya tsani mutane ne don suna amfani da ilimi wajen yaƙi. Yanzu sai aka ce akwai ruhin haske Raava da ruhin duhu Vaatu, aka mayar da abu mai zurfi ya zama fari da baƙi.

Sannan aka yi abin da har gobe wasu ba su yafe ba: Unalaq ya tsinke igiyar da ta haɗa Korra da duk Avatar da suka gabata. Aka nuna su suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, Aang ne farko. Ranar da na kalli wurin ji na yi kamar an sake yi mini rasuwa. Daga baya na fahimci cewa marubutan sun rufe wa kansu ƙofar da suka bi suka tsere a zango na farko. Daga nan ba wani tsoho da zai fito daga gajimare ya gyara mata. Kuma abin da ya biyo baya ya nuna amfanin hakan.

Akwai wani ɗan abu a zangon nan da ya ɓata wa mutane rai, ni kuwa ya burge ni. 'Ya'yan Aang uku ne, Bumi da Kya da Tenzin, kuma Tenzin kaɗai ya gaji sarrafa iska. Manyan biyu suka fito fili suka ce mahaifinsu da Tenzin yake tafiye-tafiyensa, su a bar su gida. Masoya suka ce an ɓata musu gwarzo. To me ake tsammani daga mutumin da al'ummarsa gaba ɗaya ta rage daga shi sai yaro guda? Duk wanda ya tashi a gidan da ake da sana'ar gado ya san yadda uba ke jan wanda ya ɗauki hannu a jiki, ba don ya ƙi sauran ba, su kuma abin na cin su har tsufa. Toph ma haka aka nuna ta, uwar da ta sakar wa 'ya'yanta mara fiye da kima saboda ita an tsare ta tana ƙarama, Lin da Suyin suka yi shekara 30 ba sa ga-maciji.

Inda magajiya ta kamo

Zango na uku, a ganina, ana iya ajiye shi kusa da zangon Ƙasa na Aang ba tare da jin kunya ba. Mutane sun fara wayar gari da baiwar iska a sassan duniya, Tenzin na yawo yana roƙon manoma da masu shago su bar gidajensu su aske kai su daina cin nama, suna korarsa. Cikin waɗanda suka samu baiwar har da Zaheer, fursunan da ya shekara 13 a kulle saboda yunƙurin sace Korra tana ƙarama. Ya karanta falsafar Makiyayan Iska ya haddace, ya fitar da fassarar da ta ce 'yanci ba zai samu ba sai an kawar da sarakuna da gwamnatoci da shi kansa Avatar.

Abin da ya sa ya fi Amon shi ne ba maƙaryaci ba ne. Abin da ya faɗa shi ya yi imani da shi. Kuma an nuna mana Sarauniyar Ƙasa Hou-Ting tana tatsar talakawa haraji, tana kame sabbin masu baiwar iska tana tura su soja dole. Da Zaheer ya zare mata numfashi daga ƙirji har ta mutu, a katun ɗin da aka ce na yara ne, mai kallo ba ya iya cewa ga inda tausayinsa ya tsaya. Baiwar da muka sani a hannun Aang ta wasa da kaucewa ce, ga ta an mayar da ita makamin kisa. Birnin Ba Sing Se kuwa ya kama da wuta da wawaso a ranar. An kashe azzaluma, tsugune ba ta ƙare ba.

Ƙarshen zangon shi ne wurin da Korra ta yi abin da na Aang bai yi ba. An ɗura mata gubar ƙarfe a jiki, ta tsira da ƙyar. Ana bikin naɗa Jinora, jikar Aang, a matsayin ƙwararriyar mai sarrafa iska, Tenzin na sanar da cewa jama'arsa za su riƙe aikin Avatar har ta warke, ita kuma tana zaune a keken marasa lafiya, ido ya faɗa, hawaye ɗaya ya gangaro. Yarinyar da ta fasa bango tana shela ce ake gaya wa, cikin ladabi da ƙauna, cewa duniya za ta iya tafiya ba ita.

A daidai wannan lokaci ne kuma tashar ta juya mata baya. Wasu kashi na zangon sun ɓulla a intanet kafin lokaci ta hannun sashen tashar na masu jin Sifaniyanci, aka yi gaggawar fara nunawa a ƙarshen Yunin 2014 kusan ba talla, masu kallo suka ragu sosai, kafin Agusta aka cire shi daga talabijin aka mayar da sauran intanet. Zango na huɗu a intanet ya fara, ranar 3 ga Oktoba, makonni kaɗan bayan gama na uku. An kuma zaftare kuɗin aikin da kimanin na kashi guda. Konietzko ya bayyana cewa zaɓi biyu suka samu, ko su sallami ma'aikata makonni kafin lokaci, ko su haɗa kashi ɗaya da tsoffin hotuna. Suka zaɓi na biyu. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka lalaci ne.

Zango na huɗu ya tsallake shekara uku. Kuvira, sojar da aka ba aikin haɗa kan Masarautar Ƙasa bayan rugujewarta, ta haɗa, ta ƙi sauka, ta buɗe sansanonin gyara hali. Kowane bos ɗin Korra daga ɓarnar wanda ya gabace shi yake tsirowa, kuma wannan ya fi kama da tarihin da muka sani fiye da labarin mugun sarki guda da in an kayar da shi sai biki. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne kashin da aka bi Korra ita kaɗai: Katara na koya mata taka ƙafa, ta yanke gashi, ta ɓoye sunanta, tana shiga damben kuɗi ana lallasa ta, tana ganin inuwar kanta na bin ta. Ta tarar da Toph a fadama, tsohuwar ta gaya mata akwai sauran guba a jikinta kuma ita ce ke riƙe da ita. Ko bayan ta fitar da gubar ba ta dawo daidai ba, sai da ta je kurkuku ta zauna gaban Zaheer. Aang ya rasa jama'arsa duka, kuma an nuna baƙin cikinsa, amma ba a taɓa zama da raunin zuciyarsa tsawon haka ba.

Ƙaton mutum-mutumin ƙarfen da Kuvira ta shigo da shi birni kuwa, har yau ban ga abin da ya kawo shi wannan duniya ba.

An rufe fim ɗin ranar 19 ga Disamba, 2014, Korra da Asami riƙe da hannun juna suna shiga duniyar ruhohi, bayan 'yan kwanaki kuma masu fim ɗin suka tabbatar cewa soyayya suke nufi. A Amurka wasu sun yaba, wasu sun ce ba a gina shi a labarin ba. A gidaje irin namu abu ne da addini da al'ada ba su karɓa ba, kuma ya kamata iyaye su san da shi, kamar yadda ya kamata su san da kisan sarauniya da mutuwar Amon da ƙaninsa Tarrlok a cikin kwalekwale. Korra ba na ƙananan yara ba ne yadda na Aang yake, an yi shi ne don waɗanda suka kalli Aang suka girma.

Inda muka tsaya

In aka ce in ɗauki ɗaya in ba wanda bai taɓa kallo ba, na Aang zan miƙa masa, ba tare da dogon tunani ba. Gininsa ya fi ƙarko, raha da kuka sun fi daidaita a cikinsa, kuma babu kamar Zuko da Iroh a na biyun. Ƙanwata ma ta sauko ta yarda da wannan bayan ta kai zango na biyu, ranar da Toph ta bayyana. Ni kuma na janye maganar cewa an miƙa wa Korra komai. Da na sake kallo sai na ga ba a taɓa yi wa jarumi ƙwace irin nata ba: baiwarta, magabatanta, lafiyarta, har da tabbacin cewa ana bukatarta. Duniyar da Aang ya bari ma ta rage wa baiwa kwarjini. Walƙiya da a da sai 'yan gidan sarauta ke fitarwa, ga Mako na harba ta a tashar lantarki don kuɗin haya. Sarrafa ƙarfe da Toph ta gano a cikin keji ya zama horon 'yan sanda. Dā ina ganin wannan cin mutuncin na farko ne, yanzu ina ganin shi ne ainihin abin da na biyun ke magana a kai.

A Fabrairun 2025, shekara 20 da fara nuna Aang, aka sanar da sabon shiri mai suna Avatar: Seven Havens, kashi 26, kan wata yarinya mai sarrafa ƙasa da ta gaji Korra a duniyar da wani bala'i ya tarwatsa, inda mutane ke kallon Avatar a matsayin mai halaka su. Ni na fara ganin labarin na tura wa ƙanwata. Ko minti biyu ba a yi ba ta kira ni. "Yaya, wai Korra za su ɗora wa laifin? Wallahi in suka ɓata mini ita ba zan kalla ba."